Kafin Bak da Bayanta: Magana da Ƴaƴan Gaya

 

An ce in yi magana kan shirin jarrabawar bak da zaɓen fannin karatu. Haka aka jera mini su a takardar gayyata, jarrabawa a gaba, fanni a baya. Ni kuwa ina neman izini in juya jerin, domin a tsarin karatun Nijar yaro yana zaɓen fanninsa shekara uku kafin ya zauna bak, kuma yawanci bai san ya zaɓa ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Yaro ya ci BEPC yana da shekara goma sha biyar ko sha shida, ya shiga ajin farko na lise, sai a ce A ta adabi ko C ta kimiyya. Ya tuna wuyar da ya sha a hannun lissafi, ya duba ya ga abokansa sun yi layin A, sai ya bi su. Baba yana gona ko kasuwa, ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai san akwai tambaya ba. Ranar nan yaron ya sallama likitanci, ya sallama ilimin noma, ya sallama EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu ta Yamai, domin duka waɗannan bak ta kimiyya suke nema, C ko D ko ta fasaha. Bayan shekara uku ya zo da sakamakonsa yana murna, yana cewa likita zai zama, sai a gaya masa maganar ta wuce tun tuni. Saboda haka ƴan ajin ƙarshe na kwaleji da na ga sun zauna can baya, ku matso, rabin wannan lacca taku ce.

Kada ƴan A su ce na zage su. Ƙasa ba ta zama ba alƙali, ba malamin tarihi, ba ɗan jarida. Tun watan Maris na 2025 ma, da kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, wani aiki ya buɗe wanda ba a kai ga auna girmansa ba. Wa zai rubuta littattafan makaranta? Wa zai mai da dokoki cikin Hausa, da Zabarmanci, da Dandanci, yadda mai ƙara zai gane abin da aka yanke masa? Mai son harshe da rubutu ya shiga A da ƙarfinsa. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne wanda ya faɗa A don gudun lissafi, alhali karatun littafi ma ba ya so. Shi ne za ka tarar a Yamai cikin ɗaki mai ɗaruruwan ɗalibai, yana maimaita shekarar farko ta karatun shari'a, bai san abin da ya kawo shi ba.

Kuma laifin ba na yara ba ne kaɗai. Ajin C a lise da yawa na ƙasar nan ba ya cika benci uku, wani wuri babu shi sam. Malaman lissafi da fizik sun yi ƙaranci, ɗakin gwaji kuwa wani ɗalibin sai ya gama lise bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Abin da ban takaici idan muka tuna sunan wanda babbar jami'armu take ɗauke da shi. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik ne, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa shekaru da dama. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya soki makarantar ƴan mulkin mallaka da cewa ƙananan ma'aikatan ofis take ƙerawa. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Har yau in ka tambayi yaro me yake so ya zama, ofis yake hange.

A nan Gaya ma mun san ofishin da ake hange: duwan, wato kwastan. In ba a samu ba, aikin fitar da kaya daga duwan. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya tashi yana ganin jerin manyan motoci daga Kwatano suna jiran tsallaka gada, yana ganin wa ke gina gidan siminti a unguwa. To, kun ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Aka rufe gadar Malanbil. Ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, ɓangarenmu bai buɗe ba, kaya suka koma hanyar Lome da Burkina, mutane suka koma kwale-kwale. Ba siyasa na zo yi ba. Ina dai so ku tuna wa ya zauna ba aiki a watannin nan, wa kuma aka ci gaba da nema. Mai gyaran injin ban-ruwa bai huta ba. Ungozoma ba ta huta ba. Malamin lissafi mai darasin yamma bai huta ba. Sana'ar da ta rataya ga ƙofa guda, ranar da aka rufe ƙofar ta tsaya.

Ku dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafarku. Babu yankin da ya kai namu ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga kogi, ga Dallol Mawri da giginyarsa, ga shinkafa, rake, dankali, mangwaro. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da tasha a Tara. Tsangayar noma tana Yamai, jami'ar Tillaberi ta ba noma da abinci ƙarfi, makarantar IPDR ta Kollo tana horar da malaman gona. Amma ka ce wa ɗan manomi ya karanta noma, sai ya ji kamar ka mai da shi inda ya gudo. Shi kuwa wanda ya karanta ƙasa da iri da ruwa, shi ake kira idan fadama ta fara gishiri. Bututun man da ya taso daga Agadem ya nufi Seme a bakin teku, kusan kilomita 2,000, ta yankinmu ya tsallaka kogi. Ƴaƴan Gaya nawa ne cikin masu walda da masu auna matsin mai a kansa? Jami'ar jiharmu kuma, ta Doso, wadda aka kafa a 2014 tare da na Agadas, Difa da Tillaberi, fasahar sadarwa da kwamfuta ta sa gaba. Kilomita 150 ne daga nan, rabin tafiyar Yamai. Maraɗi, Damagaram da Tawa suna da nasu tun 2010, mai bak ta Larabci kuma yana da Jami'ar Musulunci ta Say. Duk da haka yaro ji yake in ba Yamai ya je ba, bai je jami'a ba.

Yanzu jarrabawar kanta. A shekarun baya-bayan nan, masu cin bak a Nijar wajen ɗaya ne cikin huɗu, in shekara ta yi kyau ɗaya cikin uku. Ku dubi na damanku da na hagunku da na bayanku, ku yi lissafin da kanku. Na daɗe ina gyaran takardun ɗalibai, kuma abin da na gani shi ne yawancin masu faɗuwa sun yi karatu, sai dai sun yi shi ta hanyar da ba ta biya.

Kowane darasi yana da nauyinsa a lissafin ƙarshe, kun san wannan, amma kaɗan ne cikinku ke raba lokacinsu bisa nauyin. Mu ɗauki misali: darasi mai nauyi 5 da darasi mai nauyi 2. In ka ɗaga makinka daga 7 zuwa 10 a na farkon, ka ƙara maki 15. In ka ɗaga daga 14 zuwa 16 a na biyun, maki 4 ka ƙara. Amma ina ɗalibi yake kwana? A kan darasin da ya riga ya iya, don shi ne mai daɗin karantawa. Wanda yake tsoro kuwa, kullum sai gobe. Ɗan D da ke gudun lissafi da fizik yana haddar tarihi, da ɗan A da ke gudun rubutun falsafa, duk jirgi ɗaya ya ɗauko su.

Sannan karatu da ido yaudara ne. Ka buɗe littafi, ka bi gyaran da malam ya yi a allo, ka gyaɗa kai, ka ce na gane. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, sake aikin daga farko ba ka leƙa ba. Nan za ka san ko ka gane. Ku nemi tambayoyin shekarun baya, ku aje agogo, in awa huɗu aka ba darasin ku zauna awa huɗu cur, ba waya, ba tashi. Hannu ma sai ya saba. Falsafa kuwa, masu haddace gabatarwa guda su liƙa ta a kowace tambaya, ku sani mai gyara ya karanta irinta hamsin kafin taku. Abin da yake nema shi ne ya ga kun fahimci abin da aka tambaya, kun kuma bi shi daki-daki cikin Faransanci mai tsabta.

Ku lura da kalandar garinmu. Afrilu zafi ba ya barin kai ya yi aiki da rana. Mayu ruwa ya sauka, mu nan da wuri yake sauka, gona ta kira, kuma ɗan ajin ƙarshe na lise shi ne ƙarfin gidan. Wanda ya bar bitarsa sai Mayu, ya haɗa ta da shuka da noman fari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su ne naku. Iyaye, ina roƙonku, shekarar nan guda ku ɗauke wa yaron wani abu daga aikin gona, ku ɗauke wa yarinyar daka da ɗiban ruwan yamma. Ita ce ma ta fi buƙata, domin ɗan'uwanta yana iya tafiya fada ya yi bita da abokai, ita tana bakin murhu. Fadar ma, in mutum huɗu ne da allo da alli, makaranta ce. In ta kai goma da butar shayi da waya, hira ce.

Wayar nan kuma, duk shekara sai an yaɗa a WhatsApp cewa tambayoyi sun fita, a turo kuɗi. Mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne asarar kuɗin da daren da ya kamata ka yi barci. In an kama ka da waya a ɗakin jarrabawa, hukuncin ya wuce na shekara guda. Wanda kuma bai kai 10 ba a zagayen farko amma ya samu shiga na biyu, kada ya tafi gida ya kwanta kuka. Kwanakin nan kaɗan sun fitar da mutane da yawa. Masu ƙoƙari kuma kada su tsaya a 10: daga 12 ake fara samun yabo a kan takarda, kuma shi ake dubawa wajen gasar shiga manyan makarantu da guraben karatu a waje.

Ɗan Gaya yana da abin da ɗan Agadas ba shi da shi, ƙasa biyu a bakin ƙofa, Najeriya da Binin. Ta Kamba, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, ga ta Aliero, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun 1975. Amma tsarinsu daban ne. Can hukumar JAMB ce, wadda aka kafa a 1978, ke shirya jarrabawar shiga jami'a: darasi huɗu, Ingilishi dole, maki 400, a kan kwamfuta, cikin awa biyu. Yaronmu da ya saba rubuta shafi shida da alƙalami, a ce ya zaɓi amsa cikin daƙiƙa arba'in, sai ya koya. Jin Hausa zai sa ka ji kamar gida a Sakkwato, amma ba da Hausa ake koyar da kimiyyar magunguna ba. Mai wannan niyya ya riƙe Ingilishinsa tun ajin farko na lise, ya kuma rubuta wa jami'ar ya ji a wane aji take karɓar mai bak kafin ya sayi tikitin mota.

Ta gada kuwa, Paraku tana da jami'ar gwamnati tun 2001, nisanta kusan ɗaya da Yamai, harshe ɗaya, tsarin lisans shekara uku da masta shekara biyu iri ɗaya. Sai dai a yi hattara da makarantun kuɗi. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Najeriya Umar Audu ya nuna yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida bai taka aji ba. A farkon Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Binin da Togo, masu gaskiya suka sha wuya tare da masu ƙarya. Kafin baba ya sayar da sa ya biya kuɗin makaranta, a nan gida ko a ƙetare, a tambaya: gwamnatin ƙasar ta amince da wannan fannin a wannan makarantar? CAMES, majalisar da ke Wagadugu mai tantance digirori, ta san da shi? A nemi a ga takardar da ido.

Game da kuɗi, ku cika takardun ANAB, hukumar tallafin karatu, da wuri, amma kada gida ya dogara kacokan kan tallafin, yana iya jinkiri. A san wurin kwana kafin a tashi, musamman ga ƴan mata. Na san ɗalibai mata masu kai da suka ci bak suka zauna gida, don kawai ba a shirya gidan wa za su sauka ba.

Abu na ƙarshe, ku je gida yau ku fito da takardar haihuwarku, da shaidar BEPC, da takardar zama ɗan ƙasa, ku jera su. A garin iyaka irin namu, yaro guda sai ka ga Aboubacar a wannan, Boubacar a waccan, Abubakar a ta makarantar da ya fara a Kamba, ranar haihuwa ma ta sha bamban. Ofishin bak da jami'a ba su san ku ba, takarda suka sani. Gyaran yana bi ta kotu, yana cin watanni, kuma rajistar jarrabawa ba ta jira. Wanda ya ga saɓani a nasa ya nuna wa shugaban makarantarsa cikin makon nan.

 Shugaba, in akwai masu tambaya, a fara da ƴan bayan nan na kwaleji.