Girma Ɗaya, Ciki Daban: Jawabi ga Ɗaliban Kimiyya



Robar nan da ake kira SBS, wadda ake yin tafin takalmi da ita, ake kuma gauraya ta da kwalta don kada titi ya tsage, doguwar sarƙa ce mai gaɓa uku: sitirin mai tauri a bakin nan biyu, butadayin mai talewa a tsakiya. In rabon gaɓoɓin ya kauce, takalmi ya dare, kuɗin titi ya salwanta.

To, yaya za mu gane rabon? A 1903 Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na Rasha, ya tace ruwan ganye ta bututu cike da alli, launuka suka rabu. Wannan dabara ita ce kuromatogirafi. Amma irin da aka saba yi wa roba tun 1964 tankaɗe ne kurum, girma yake dubawa. Sarƙoƙi biyu masu girma ɗaya sai su fito tare, alhali kuwa cikinsu ya bambanta.

Masanan Tarayyar Sobiyat ne suka samo mafita a shekarun 1970. Mukan daidaita ruwan narkarwa da zafinsa har gaɓa ɗaya ta zama kamar babu ita, tsawon ɗayar kaɗai ya yanke lokacin fitowar sarƙa. Sa'an nan mu juya, mu auna wadda muka ɓoye. Aikin yana son haƙuri, gama zafin ya ɗan motsa, sai a koma farko.