Alherin Baƙo a Ranar Makoki

Karatu: Littafin Rut, sura 1 da sura 2

Yau maganarmu tana zuwa musamman ga wanda aka yi masa rasuwa, masu gaisuwa sun watse, an naɗe tabarmi, ya ragu shi kaɗai a ɗaki. Abinci ba ya ciyuwa, gona ba ta nomuwa, addu'a ma ta yi nauyi a baki. Ina mutum zai sami ƙarfin tashi?

Bari mu dubi Na'omi. Yunwa ce ta kore ta daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab, ita da mijinta Elimelek da 'ya'yansu maza biyu. A can mijin ya mutu. Bayan wajen shekara 10, Malon da Kiliyon su ma suka mutu. Da ta komo gida, ta hana matan gari su kira ta da sunanta, ta zaɓi Mara, wato ɗaci. A ganinta Ubangiji ne da kansa ya juya mata baya. Ku lura, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan kuka ba, bai kuma tsauta mata ba. Makoki ba zunubi ba ne.

To, me ya juya zuciyarta? Ba mafarki ta yi ba, ba mala'ika ta gani ba. Surukarta Rut ce ta fita kala a lokacin girbin sha'ir, ta faɗa gonar wani mutum da ba ta sani ba, mai suna Bo'aza. Shari'a a Littafin Firistoci 19:9-10 ta umarci mai gona ya bar kala domin matalauci da baƙo. Bo'aza ya wuce abin da shari'a ta ɗora masa. Ya ba ta ruwa daga tulun ma'aikatansa, ya kira ta ta ci tare da masu girbi, ya hana samari su dame ta. Sa'an nan ya ce a riƙa zare zangarku daga dammuna ana yar mata, don ta tsinta da hannunta ba tare da jin kunya ba. Ita kuwa baƙuwa ce, gwauruwa, ba ta da abin biya.

Da yamma Rut ta kawo kusan garwa guda ta sha'ir. A aya 20 ta sura 2, bakin nan da ya cika da ɗaci ya buɗe da sa albarka. Kaburbura uku suna nan a Mowab, ba wanda ya tashi. Amma Na'omi ta gane cewa alherin Allah bai yanke ba. Daga ranar nan ta fara shiri domin gobe.

'Yan'uwa, mu a Jimeta mun ga wannan da idanunmu. A shekara ta 2014 Boko Haram suka kama Madagali da Michika, a ranar 29 ga Oktoba kuma suka shiga Mubi. Margi, Kamwe, Fali, Gude, Fulani da Hausawa suka gudu, waɗansu ta kan duwatsu, waɗansu ta Kamaru, da yawa ba su ma binne matattunsu ba. An buɗe sansani a Damare da Malkohi da Fufore, amma yawancin masu gudun hijira a gidajen mutane suka sauka. A nan Demsawo, da Luggere, da Jambutu, da Nassarawo, aka raba ɗaki da mutanen da ba a taɓa gani ba, aka ƙara ruwa a miya. Bishop Stephen Dami Mamza, wanda garinsu Bazza ma yana cikin inda aka kama, ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa ga dubban mutane, Kirista da Musulmi. Shugabannin addinai biyu suka haɗa hannu da Jami'ar Amurka ta Yola suna raba masara da wake. A 2021 aka buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi domin waɗanda ba su iya komawa ba, da majami'a, da masallaci.

Me ya sa alherin baƙo yake da irin wannan ƙarfi? In ɗan'uwanka ya taimake ka, za ka ce zumunci ne. In abokinka ne, za ka ce biki ne, wata rana za ka rama. Amma wanda bai san sunanka ba, ba ka da bashi a kansa, in ya miƙa maka ruwa, zuciya takan tambaya, wane ne ya aiko shi? Can ne mai makoki yakan soma ganin hannun Allah kuma.

Saboda haka, kai mai baƙin ciki, kada ka ƙi alherin da ya zo ƙofarka. Karɓa ba rashin bangaskiya ba ne. Tashi ka yi aikin yau kaɗai, kamar yadda Rut ta yi kala na yini guda. In ka sami ƙarfi kuma, ka tuna da koyarwar Bulus a 2 Korantiyawa 1:4, cewa ta'aziyyar da muka karɓa ita ce za mu ba waɗansu. Na'omi ta ƙare tana renon Obida, kakan sarki Dawuda, daga zuriyar nan kuwa aka haifi Mai Cetonmu, wanda ya mutu dominmu tun muna baƙi gare shi.

Ke mai gida, kai mai shago, kai mai Keke Napep, watakila a makon nan kai ne Bo'aza na wani. Kada ka tambayi yarensa ko addininsa tukuna. Zare zangarniya ka yar masa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ta'azantar da gwauraye da marayu da dukan masu makoki da suke jinmu yau. Ka buɗe idanunsu su ga alherinka a hannun baƙi, ka buɗe hannuwanmu kuma ga wanda ba mu sani ba. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.