Gidauniyar Apache: Yadda Masu Aikin Sa-kai Ke Riƙe da Manhajar da Duniya Ta Dogara da Ita

 

An nemi in yi magana kan gidauniyoyin da ke kula da buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da aka bar rubutunta na asali a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Gidauniyoyin suna da yawa, akwai ta Linux, da ta Mozilla, da ta Python. Ni ɗaya zan ɗauka, Gidauniyar Manhaja ta Apache da ke Amurka, saboda al'amuranta a rubuce suke, kowa na iya bin diddiginsu. Abin da nake so mu tashi da shi guda ne: jama'ar da ke aikin su ne ƙarfin irin wannan gida, kuma rahotanni da sanarwowin da yake fitarwa, waɗanda da yawanmu ba ma ko kallo, su ne ma'aunin lafiyarsa.

Asalin Gidauniyar

A farkon shekarun 1990 akwai wata manhaja da Rob McCool ya rubuta a cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois. Aikinta shi ne miƙa shafin intanet ga duk wanda ya nema. Da ya bar cibiyar a 1994, sai manhajar ta zama marainiya, masu amfani da ita kowa yana yi wa tasa faci a ɗakinsa. A 1995 mutum takwas daga cikinsu, har da Brian Behlendorf da Roy Fielding, suka ga gara su tara facin wuri ɗaya. A watan Afrilu na shekarar suka fitar da Apache ta farko, kafin shekara ta zagayo sosai ta wuce duk takwarorinta yawan masu amfani.

Nasara kan zo da nata nauyin. Idan wani ya kai ƙara, wa za a kama? Idan kamfani ya ba da gudummawa, hannun wa za ta shiga? Idan waɗannan mutane suka gaji ko suka mutu, wa zai riƙe sunan? Amsar ita ce rajistar da aka yi wa gidauniyar a jihar Delaware a 1999, a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Yau ayyuka ɗaruruwa ne a ƙarƙashinta, kuma tun 2004 suna fita da lasisin Apache 2.0, wanda ya yarje wa kowa ya ɗauka, har mai niyyar kasuwanci, muddin ya kiyaye sharuɗɗansa.

Yadda Ake Tafiyar da Gida

A nan nake so mu ɗan daɗe. Ka'ida ta farko, kamfani ba ya zama mamba, mutum ne ke zama. Manyan kamfanoni suna ba da kuɗi, ana kuma gode musu, amma kuɗin ba ya saya musu kujera. Mutum yakan fara ne da amfani da manhaja, sai ya soma kai rahoton kuskure ko aika gyara. Idan aka ga ɗorewarsa da kyawun mu'amalarsa, sai a zaɓe shi cikin masu izinin shigar da gyara kai tsaye, daga nan ya shiga kwamitin gudanar da aikin. Mambobin gidauniya kuma su ke zaɓen daraktoci tara kowace shekara.

Ka'ida ta biyu, shawara a rubuce ake yinta, a bainar jama'a. Ko mutum biyu sun gama magana a wurin shan shayi, ba ta zama hukunci ba sai an kawo ta inda kowa zai karanta. Mai goyon baya ya rubuta +1, wanda bai damu ba ya rubuta 0, mai ja ya rubuta -1. Idan kan gyaran manhaja ya ja, dole ya kawo hujja ta fasaha, in ba haka ba jan nasa ba ya aiki. Sabon fitowar manhaja kuwa sai ya samu aƙalla ƙuri'u uku na 'yan kwamiti, masu goyon baya kuma su fi masu ja yawa. Akan bar ƙuri'a a buɗe awa 72, domin na Sin da na Jamus da na Amurka duk rana ta fito musu su gani.

Ka'ida ta uku ita ce hisabi. Daraktoci suna zama duk wata, kowane aiki kuma yana kawo rahoto duk bayan wata uku, a wallafa. Yaushe kuka fitar da manhaja ta ƙarshe? Yaushe kuka karɓi sabon mutum? Akwai sauran mutum uku masu sa ido? Aikin da ya rasa masu kula akan mayar da shi sashen ajiya mai suna Attic, wanda aka buɗe a 2008, a sanar da duniya cewa kada a jira gyara daga nan. Sabon aiki ma ba ya shiga kai tsaye, sai ya bi ta sashen reno, Incubator, da aka kafa a 2002. Ta nan manhajar Kafka ta bi bayan ta fito daga LinkedIn, haka Spark daga Jami'ar California da ke Berkeley. Abin da ake dubawa a reno shi ne ko aikin zai rayu idan kamfanin da ya kawo shi ya janye ma'aikatansa. Wannan aƙida ce ta sa a 2023 suka sauya wa babban taronsu suna daga ApacheCon zuwa Community Over Code, wato jama'a gaba da manhaja.

Labarai Biyu Masu Darasi

A watan Maris na 2017 aikin Apache Struts ya sanar da wata ɓaraka a manhajarsa, ya kuma fitar da gyara. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan basussukan jama'a, bai saka gyaran a inda ya kamata ba. Ɓarayin intanet suka bi ta wannan ƙofa suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. A nan masu aikin sa-kai sun sauke nauyinsu, mai amfani ne ya yi sakaci da sanarwa.

Na biyun ya fi ɗaci, domin laifin daga cikin gida yake. Log4j ƙaramar manhajar Apache ce da ke rubuta abin da ke faruwa cikin wata manhajar, tana kuma ɓoye cikin dubban kayayyakin da aka gina da yaren Java. A 24 ga Nuwamba 2021 Chen Zhaojun na kamfanin Alibaba ya sanar da Apache cewa akwai hanyar da baƙo zai iya juya kwamfutar wani daga nesa ta cikinta. Da labarin ya fasu a Disamba, an ba ɓarakar maki 10 cikin 10 na tsanani. Mutane 'yan ƙalilan, mafi yawansu a lokacin hutunsu suke aikin, suka yi ta fitar da gyara bi da bi cikin wata ɗaya, manyan kamfanoni kuwa suna ta matsa musu kamar sun biya su. A Janairu 2022 Fadar White House ta kira taro kan batun, Apache na cikin mahalarta.

Abin ya yi kama da rijiyar unguwa. Kowa yana zuwa da gugansa, amma ranar yasa mutum uku ko huɗu za ka gani, sai ruwa ya gurɓace a fara neman wanda za a zaga. Sunan Apache kansa ba ya hana aiki yin rauni. OpenOffice, da Oracle ya miƙa wa gidauniyar a 2011, ta yi ƙarancin hannu har a 2016 shugaban kwamitinta ya ta da maganar yiwuwar rufe ta. Abin yabon shi ne a fili aka yi maganar, mai karanta rahoto ya san inda aka kwana.

Ina Ruwanmu?

Ruwanmu tsundum. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta, kuma Najeriya ke tattara alƙaluman kiwon lafiya da ita, a kan Apache Tomcat ake ɗora ta. Ke nan lissafin rigakafi da na haihuwa a asibitocinmu yana bi ta kan aikin waɗannan mutane. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Tsarin nasu ma ya dace da halinmu. Ba a tambayar biza, ba a tambayar takardar digiri. Wanda aka ɗauke wa wuta yau, gobe zai tarar ƙuri'a ba ta rufe ba. Ƙalubalen shi ne da Ingilishi ake tattaunawa, kuma tafiyar tana da jinkiri, sai mai haƙuri.

Kammalawa

Kirana uku ne. Ga hukumomi da bankuna da jami'o'inmu: kowace ta rubuta jerin buɗaɗɗun manhajojin da take amfani da su, ta ɗora wa ma'aikaci guda alhakin bin sanarwowin tsaro, ta kuma ware wa masu fasaharta 'yan sa'o'i a mako su taimaka wa ayyukan da take cin moriyarsu. Ga malamai: a sa karanta rahoton aiki da rubuta rahoton kuskure cikin darasi, a ba su maki kamar kowane aikin gida. Ga ɗalibai: kada ku jira sai kun ƙware. Ku zaɓi aiki ɗaya, ku karanta tattaunawarsa wata guda, sannan ku gwada sabon fitowa, ko ku gyara littafin bayani, ko ku amsa tambayar wanda bai kai ku sani ba. Shirin Google Summer of Code, da aka fara a 2005, yana biyan masu koyo alawus su yi irin wannan aiki a hannun ƙwararru, Apache kuma tana cikin masu karɓa. Ku nema, ku kuma ja na bayanku.