A Gwada Kayan Wasa Kafin Su Shiga Kasuwa

Duk abin da yaro ya riƙe, bakinsa zai kai. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye miliyoyin kayan wasan da aka ƙera a Sin, wasu saboda dalma a fentinsu, wasu saboda ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa. Yaro ya haɗiye biyu, su manne da juna a ciki, su huda hanji. Sai dai janyewar ta zo bayan kayan sun riga sun shiga ɗakunan mutane. Shi ya sa a 2008 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta kai kayan yara ɗakin gwaji mai zaman kansa kafin a sayar.

'Yan kasuwa sukan ce gwaji na ƙara tsada, kuma gaskiya ne. Amma uwar da ke taya 'yartsana a kasuwa ba ta da hanyar gane dalma da ido, kuma dalmar ba ta wari, ba ta canza launi. Mu da muka ga gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 mun san ɓarnarta a ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Don haka ya kamata hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta tsaurara bincike tun daga tashar jiragen ruwa.