Mu San Rariyar Da Aka Tace Kayanmu: Jawabin Ofishin Sakatare A Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Mu da muke riƙe da littafin ƙorafi a ofis mun lura cewa yawancin rigimar da ake kawo mana tsakanin mai saye da mai sayarwa kan tsabtar kaya take. Mutum ya sayi riɗi ko wake a Maraɗi, ya kai Dawanau, a zuba a inji, sai buhu ya rame. Daga nan sai zargi, wannan ya ce algus, wancan ya ce inji ne ya ci. Don haka muka ga ya dace mu yi bayanin yadda injin tace hatsi yake aiki, domin kowa ya san abin da zai tambaya kafin ya biya.

Aikin da iyayenmu mata suke yi da rariya da faifai shi ne injin yake yi, sai dai da sauri da yawa. A cikinsa akwai rariyar ƙarfe aƙalla biyu, ɗaya bisa ɗaya, a ɗan karkace, inji yana girgiza su. Ta sama ramukanta sun fi ƙwayar girma, saboda haka ƙwaya ta wuce, karmami da kwanso da manyan duwatsu su tsaya. Ta ƙasa ramukanta ba su kai ƙwayar ba, sai yashi da ƙura da gutsattsari su zube, ƙwaya mai kyau ta gangara cikin buhu. Fanka kuma tana janye ƙaiƙayi, kamar yadda iska take yi wajen sheƙa.

Kowane kaya da rariyarsa. Wadda ta dace da wake ba za ta yi wa riɗi ba, don ƙwayar riɗi tsawonta kamar milimita 3 ne kawai. Wasu masu inji suna faɗin girman rami da milimita, wasu da lamba. A ma'aunin Amurka lamba 10 daidai take da milimita 2, lamba 18 kuma milimita 1, wato idan lamba ta hau, rami ya ƙanƙance. Rashin sanin wannan kaɗai ya isa ya haɗa mutum biyu faɗa alhali babu wanda ya yi niyyar cuta.

Akwai abubuwa uku da suke ɓata tacewa. Idan aka cika wa inji kaya don sauri, yashin da ke sama ba ya samun isa ga ramuka. Idan kaya bai bushe ba, ramuka suna toshewa. Idan rariya ta yage, datti da ƙwaya tare suke wucewa.

Mu kuma sani rariya girma kawai take dubawa. Tsakuwar da ta yi daidai da ƙwayar wake tare za su fita, sai an bi da kayan ta injin cire tsakuwa, wanda yake rarrabewa da nauyi. Maganin ƙwari kuwa babu rariyar da take cire shi. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, kuma wannan hukunci ya shafi mai laifi da marar laifi.

Mu yi lissafi. Tirela mai ɗaukar tan 30, idan kashi 3 cikin 100 na kayan datti ne, kilo 900 ke nan, buhu tara masu kilo 100. Mun saye shi da kuɗin riɗi, mun biya 'yan dako, mun biya mota, mun biya kwastan da duwan, sannan a zubar da shi a bayan sito. Masu fitar da riɗi ƙasashen waje kuwa tsabtar da suke nema tana kai kashi 99 cikin 100 ko fiye.

Saboda haka ofis yana ba da shawara uku. Na farko, kafin a yi ciniki a ɗebi samfur daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a auna kilo ɗaya, a tace a gaban kowa, a auna abin da ya fita. Na biyu, a rubuta girman rariya da yawan dattin da aka amince a takardar ciniki, da sa hannun dillali. Na uku, duk inda hali ya yi, a tace kaya kusa da inda aka saya, kafin a ɗora a mota.

Muna roƙon shugabanni su duba yiwuwar saya wa kowane reshe ƙananan rariyoyin gwaji iri ɗaya da ƙaramin sikeli, yadda abin da aka auna a Ɗan Isa zai yi daidai da na Jibiya, na Ƙonni ya yi daidai da na Illela. Idan an kawo ƙara, da su za mu raba gardama.

Allah Ya ƙara wa ƙungiya haɗin kai, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya mayar da kowa gida lafiya.