Yawan Tsofaffi: Lacca ga 'Yan Kasuwar Wonaka

Yau maganar tsufa na kawo muku, gama dukanmu can muka nufa in Allah ya ja kwana.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2019, cikin kowane mutum 11 na duniya, ɗaya ya kai shekara 65, kuma zuwa 2050 zai zama ɗaya cikin 6. A ƙasar Japan, tsofaffi 5 ne cikin ɗari a 1950, amma a 2023 sun kai 29. Magani ya tsawaita rai, haihuwa kuwa ta ragu.

To, mu fa? A Nijeriya wajen 3 ne cikin ɗari, kusan yadda yake a 1960, saboda muna haihuwa da yawa. Kada wannan ya ruɗe ku. Ku 'yan kasuwa ne, kun san lissafi. Uku cikin ɗari na mutum miliyan 45 na wancan zamani bai cika miliyan ɗaya da rabi ba. Uku cikin ɗari na miliyan 220 da ɗoriya ya tasam ma miliyan 7. Ƙidaya ma rabonmu da ita tun 2006.

Wa ke ciyar da su? Fansho dai na mai albashi ne. Manomi, da mahauci, da dillali, da tsohuwa mai daddawa, fanshonsu ɗa ne da gona. Ɗan ya tafi Gusau ko Abuja neman na tuwo. Gonar kuwa, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu da na Tsafe da Bunguɗu, wata ba ta nomuwa. In an ce a gudu, wa ake bari a baya? Wanda ƙafa ta daina ɗaukarsa.

Ba dokoki aka rasa ba. A 2018 aka sa hannu a dokar Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa, a 2019 aka buɗe ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu. Wanda aka taɓa yi wa bayaninsa a nan ya ɗaga hannu. Jihar Ekiti kuwa a 2011 ta soma ba tsofaffi naira 5,000 a wata. Ashe abin mai yiwuwa ne!

Saboda haka kowace unguwa ta rubuto sunayen tsofaffinta marasa mai kula da su, maza da mata, a kawo mini ran kasuwa mai zuwa. Za mu kai takardar ga kansila, kwafe ɗaya kuma ga Hukumar Zakka da Waƙafi a Gusau.