Kawunmu Bai Dawo Daga Anacha Ba



Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, ƙasarmu tana tunawa da mazan jiya, domin a wannan rana ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A gidanmu kuwa, ranar tunawa da kawunmu ce.

Kawu mutumin ƙasar Zuru ne, lokacin Zuru tana cikin Lardin Neja. Ya shiga soja yana saurayi, aka tura shi Runduna ta 2. A watan Oktoba 1967, rundunar ta yi ƙoƙarin ƙetare Kogin Neja daga Asaba zuwa Anacha cikin jiragen ruwa, gama an riga an karya gadar. Sojoji da yawa suka halaka, har da shi. Ba mu ga gawa ba, ba mu da kabari. Har ta rasu, kakarmu ba ta ji motar soja ta wuce ba sai ta leƙa waje.

'Yan'uwa, ga abin da ya kawo mu gabanku. A nan Sakkwato ba mu da yawa. Benci ɗaya muke zama da 'yan'uwanmu Ibo, waɗanda su ma yaƙin nan ya cinye iyayensu, waɗansu da harsashi, waɗansu da yunwa. Mun daɗe muna kukan namu, ba mu taɓa tambayarsu nasu ba. Wannan laifinmu ne, yau mun furta shi.

Mu duba 2 Sama'ila sura 3. Abner shi ne shugaban mayaƙan gidan Saul, ya daɗe yana yaƙi da mutanen Dawuda. Duk da haka, da aka kashe shi, sarki Dawuda ya bi makararsa, ya yi kuka a bakin kabarinsa a Hebron, ya ƙi cin abinci har faɗuwar rana.

Saboda haka muna roƙon dattawa abu biyu. Na fari, kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen waɗanda yaƙi ya ci, ba tare da tambayar ɓangarensu ba, a karanta su a sujada. Na biyu, mu ziyarci gwauraye da marayun sojojin Barikin Giginya, kada mu je hannu wofi.

Ubangiji ya ta'azantar da mu duka. Amin.